Wilf Sunter da Ranar Yankan Ciyawa

A Skelbeck ba ma tambayar mutum abu kai tsaye. In ka hango hayaƙi yana fita ta rufin maƙwabcinka, sai ka je ka jingina da katangarsa ka ce yau dai an samu ɗan ɗumi. In ya ga dama ya gaya maka gidansa ne ke ci da wuta. In bai ga dama ba, ku yi ta hirar tumaki har rufin ya rufta. Cikin irin mutanen nan aka haifi kakana, Wilf Sunter, kuma ko a cikinsu shi ake ce wa mai shiru.

Gajere ne mai faɗi, kamar katangar da aka fara ginawa aka fasa. Hular kansa ta girme ni. Kwat ɗinsa ba ta da maɓalli ko ɗaya, da igiyar ɗaurin dami yake tsuke ta a ƙugu, ranar Lahadi kuma ya sake sabuwar igiya saboda coci. Yabon da ya fi kowanne girma a bakinsa shi ne "ba laifi". An ce ranar da aka miƙa masa uwata tana jaririya, ya juya ta ya duba kamar yadda yake duba ɗan tunkiya, ya ce ba laifi. Sau ɗaya aka taɓa kai shi bakin teku. Ya tsaya ya kalla, ya ce ruwa ne, mu ma muna da shi, namu ma har gida yake iske mu.

Gaskiyarsa ce. Kwarinmu dogo ne siriri, rafi a ƙasa, tudu ta ko'ina, kuma duk girgijen da ya taso daga yamma sai ya tsaya a kanmu ya sauke kayansa kafin ya wuce. Katangun duwatsu sun yanka ƙasar gunduwa-gunduwa tun daga bakin rafi har inda tudu ya gaji da su. Kowace gonar ciyawa da rumbunta na dutse a tsakiya, tsaye shi kaɗai kamar wanda aka ce ya jira aka manta da shi. Sama da nan sai tumaki da iska. Gidan Kaka shi ne na ƙarshe a saman gari, saboda haka duk abin da ya fito daga ƙofarsa sai ya gangaro ta gaban tagar kowa.

Ni da makaranta mun rabu ba tare da faɗa ba, ita ba ta neme ni ba, ni ma ban neme ta ba. Na taɓa gareji, na taɓa kantin soyayyen kifi, na taɓa wankin motoci, kowanne ya ishe ni kafin in ishe shi, sai garejin da muka yi kunnen doki. A hunturun da kakata Edna ta rasu, uwata Janice, wadda ta daɗe da komawa birni, ta ce tunda ba abin da nake tsinanawa, in tattara in koma Skelbeck in sa wa tsohon ido. Kaka ya dube ni a bakin ƙofa da jakata, ya ce da kare aka aiko masa da ya fi.

Uwata tana da ɗaki a bayan gidanta. Ta yi masa fenti, ta sa kujera mai laushi a gaban talabijin. Tagarsa tana kallon bangon wurin ajiye motoci. Ta kawo maganar bayan jana'iza, muna cin ragowar biredin da aka yi wa masu gaisuwa.

"Baba, ba zan ja da kai ba," ta ce. "In ka shigar da ingiricin bana cikin rumbu lafiya, na yi shiru. In ya lalace, kafin sanyi ya dawo a sayar da tumakin, ka taho wurina. Ba za ka shiga dusar ƙanƙara da garke ba abinci, kai kaɗai a kan tudu ba."

Kaka ya ce, "To."

A garinmu wannan ya fi rantsuwa.

Ingirici ba wani abu ba ne illa ciyawar da aka yanka ta bushe, amma a kanta rayuwar kwarin take, don ita tumaki ke ci in ƙanƙara ta rufe tudu. Sai ta yi tsawo ta yi fure a yanke ta, a bar ta kwance rana ta sha, a juya ta, a sake juyawa, a ɗaure dami-dami a kai rumbu. Duk wannan yana son kwanaki a jere ba ruwa, a wurin da ruwa ya ɗauka gidan ubansa ne. In ka yanka ruwa ya same ta a ƙasa, ta yi baƙi ta yi fumfuna, tunkiya ta shinshina ta dube ka. In ka yi ta jira kuma, ta tsufa ta zama kara ta kwanta. Saboda haka noma duka a wurinmu tambaya ɗaya ce: wace safiya?

Mai hasashen yanayi a rediyo yana ba da amsa kullum, amma ba wanda ke sauraronsa, tunda bai taɓa zuwa Skelbeck ba. Abin da mutane ke kallo shi ne ƙofar Wilf Sunter. Tun kafin a haifi uwata, ranar da aka ga tsohuwar jar taraktarsa ta fito da injin yanka a bayanta, ranar kowa ke yanka. Mata su ɗaga labule, maza su ajiye shayi rabi, kafin hantsi kwarin ya cika da ƙarar inji. Ba kullum yake dacewa ba. Akwai shekarun da ruwa ya dake su gaba ɗaya. Amma ba a taɓa ganin laifinsa ba, sai dai a ce bana ruwa ya yi kuskure.

Ba wanda ya taɓa gaya masa. Me za a ce? Yabon mutum a gabansa a wurinmu kusan zagi ne.

To, bana ɗin da nake ba ku labari, Yuni ya ƙare cikin yayyafi, Yuli ya shigo, sai rana ta fito. Washegari ta sake fitowa, abin da ya sa wasu tsofaffi suka fara zarginta. Ciyawa ta kai ƙugu, fure rawaya da ja ko'ina, ƙudan zuma suna ta hidima. Kaka ya fito da injin yanka daga rumfa, ya wasa wuƙaƙensa, ya sa masa mai, ya goge shi, ya mayar da shi rumfa. Daga nan ya je ya tsaya a katangar gonar ƙasa yana kallon gonar Clifford Raw.

Clifford maƙwabcinmu ne, dogo, mai wuya kamar na zalɓe. Tare suka shiga makaranta da Kaka, tare suka gudu daga cikinta. Shi ma yana tsaye a tasa katangar yana kallon sama, wato wajenmu. Da yamma suka haɗu a ƙofar da ta raba gonakinsu, ina zaune a kan katanga ina jin su.

"Rana," in ji Clifford.

"Rana kam," in ji Kaka.

"Ciyawa ta yi."

"Ta yi."

Suka tsaya suna kallon wata tunkiya da ke sosa gindinta a jikin dutse.

"Wasu da tuni sun yanka," in ji Clifford.

"Wasu kam."

"Amma fa gaggawa ba ta da kyau."

"Ba ta da shi."

Suka rabu. Kowa ya koma gida yana jin ya tatsi ɗan'uwansa.

Haka aka yi ta yi. Rana tana fitowa tana faɗuwa a banza. Uwata tana bugo waya kullum da tambaya ɗaya, an yanka? Ni kuma in ce ana shiri. Wata safiya muna karyawa, Kaka yana zaune a kujerarsa ta kusa da murhu, inda yake zama tun da aka yi duniya, ƙafafu a miƙe tsakiyar kicin, na kasa haƙuri.

"Kaka, me muke jira ne? Ciyawar nan ta kusa aurar da 'ya'yanta."

"Clifford bai fara ba."

Na ajiye cokali. "Wa?"

"Clifford. Kunnenka ma hutu yake yi?"

"Ina ruwanka da Clifford? Kai ne fa ka san ranar."

Ya daɗe yana kallon cikin kofinsa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Edna ce ta sani."

Da ƙyar na tsamo sauran, kamar mai cire ƙaya daga ulun tunkiya. Ashe duk shekara, wata safiya yana zaune a nan yana shan shayi, sai kakata ta ce, "Wilf, tashi ka je ka yanke ciyawarka." Sai ya tashi ya je. Shi ke nan ilimin. Da yake kuma duk ranar da ya fita yakan ga kowa ya fito, sai ya ɗauka su duk sun san ranar da kansu, shi kaɗai ne jakin da sai matarsa ta gaya masa. Ya ɓoye wannan abin kunya tun yana ango. Yanzu da ba ta, ya yanke shawarar ya bi masana.

"Ba ka taɓa tambayarta yadda take ganewa ba?"

"In tambaye ta me? Ta riga ta faɗa."

"Kaka," na ce, "zauna da kyau. Duk garin nan kai suke bi. Clifford kai yake jira. Har limamin coci ba ya shanya wanki sai ya ga taraktarka."

Ya dube ni irin kallon da yake yi wa dillalin tumaki. "Kai ne ka ce min an ga kada a rafi."

"Wannan daban."

"Kai ne ka ce min an hana sa hula a birni."

"Wallahi wannan karon gaskiya ce."

"Clifford Raw yana da shanu da tumaki ninkin nawa. Ya zauna yana jiran wanda bai san gabas ba sai an nuna masa? Ci abincinka." Ya nuna ni da wuƙar man shanu. "Kuma in na ji maganar Edna a mashaya, ka koma kwana da raguna."

Tunda an rufe min wannan ƙofar, na gangara na sami Clifford yana gyaran wata katanga da ta zube. Na taya shi miƙa dutse biyu don kada a ce ban yi komai ba.

"Baba Clifford, rana tana ta lalacewa. Me zai hana ka fara bana?"

Ya juya dutsen da ke hannunsa yana neman fuskarsa. "Wilf ne ya aiko ka?"

"A'a."

"To ka gani."

"Na ga me?"

"Da lokaci ya yi da ya fito. Tunda bai fito ba, akwai abin da ya hango." Ya sa dutsen a gurbinsa. "Jiya na gan shi yana kallon yamma. Ya daɗe."

"Fitsari yake yi."

"Yana kallon yamma dai. Kai, Gavin, so kake in yanka ruwa ya dake ni, ka samu na ba da labari a mashaya har Kirsimeti. Na san ka tun kana cin ƙasa. Miƙo wancan mai faɗin."

A mashaya kuwa magana ta yi nisa. Wani ya ce tsattsewa suna tashi ƙasa-ƙasa, Wilf ya lura. Wani ya ce a'a, tururuwa yake karantawa. Wata ta ce ta gan shi ya ɗebi ƙasa ya shinshina. Ni na san taba ce ta faɗi masa ya ɗauka, amma ba wanda ya tambaye ni. Duk suka amince babban ruwa na tafe, kuma Allah ya yi wa Wilf albarka da ya cece su. Suka fito daga mashayar cikin rana mai ƙona ƙeya suna kallon sama da tausayin mutanen wasu kwaruruka da suka yi gaggawa.

Kaka kuma ya rage cin abinci. Na kama shi ya hau tudu wajen tumakin ba wani dalili, yana tsaye a cikinsu hannu a aljihu. Garken nan na kakan kakansa ne. Ba shinge a kan tudun, amma kowace tunkiya ta san iyakar wurinta, uwarta ta nuna mata, ita ma za ta nuna wa 'yarta. In aka sayar da su aka watsa, ba a sake haɗa irinsu. Da ya sauko ya tambaye ni, kamar ba komai, ko ɗakin nan na Janice ana ganin wani tudu daga tagarsa. Na ce ana ganin bango mai kyau. Ya ce to.

Ranar Talata motar haya ta sauke mana Anti Mavis, ƙanwar kakata, wadda ke zaune a garin kasuwa. Ƙaramar mace ce mai babbar jaka da babbar murya. Ta zo ganin ko mun mutu. Ta duba kicin ta ce saura kaɗan. Sannan ta leƙa lambun da ke bayan gidan ta yi salati irin namu na coci.

"Wilf Sunter! Guzberin Edna!"

A bayan gidan akwai wasu 'yan itatuwa masu ƙaya da kakata ta dasa, masu 'ya'ya kore masu tsami. Ni da Kaka mun manta da su. Sun nuna har sun fara fashewa, tsuntsaye suna biki.

"Maza biyu a gida, ido huɗu, ba wanda ya ga 'ya'yan nan suna zuba? Kai, dogon banza, ɗauko kwano."

Kafin in farga na tsinke su duka, hannuna kamar na yi kokawa da kyanwa. Ta sauko da babbar tukunyar tagulla ta kakata, ta jera kwalabe a kan tebur, ta auno sukari za ta dafa su su zama jam na shafa wa biredi. Tana juyowa da tukunyar ta yi tuntuɓe da ƙafafun Kaka, da ke miƙe a inda suka saba.

"Ka tashi min daga nan! Mutum ba zai iya motsi a kicin ɗin nan ba sai ya tsallake ka kamar gungume. Fita!"

Kaka ya miƙe da sauri irin wanda ban taɓa gani ba. Ya ɗauki hularsa. Amma da ya kai bakin ƙofa sai ya tsaya, ya juyo yana kallon bakinta, kamar kare yana jiran a jefa sanda.

"Me kake kallo? Je ka mana."

"Ina?"

"Ina ruwana? Je ka gaida matarka. Yaushe rabonka da kabarinta? Ka tafi da jikan nan naka ma, yana shan min iska."

Muka gangara. Tsohuwar maƙabartar coci ta daɗe da cika, saboda haka aka buɗe sabuwa a wani fili bayan cocin, a gangaren da ba a hango shi daga gari. Kaburbura kaɗan ne a ciki, a jere jikin katanga, sauran duk fili ne. Clifford ke yanke ciyawar wurin duk shekara ya kai wa shanunsa, a ranar da ya yanke tasa. Tunda bai yanke tasa ba, wannan ma tana nan. Muka tura ƙofar da ƙyar. Ciyawa har ƙirjin Kaka. Ba dutse ko ɗaya da ake gani.

Ya kutsa ya bi katanga yana buɗa ciyawar da hannu. Ya tsaya a kan wani dutse ya cire hula, ya sunkuya ya karanta, ya ga na wani tsohon maƙeri ne da ba su taɓa shiri ba. Ya mayar da hularsa. Sai a karo na uku ya same ta. Ciyawa ta rufe sunan, furen da aka ajiye tun Ista ya zama baƙin ruwa a kwalba.

"Matar da ko gashin kare ba ta bari a kan tabarmar ƙofa," ya ce.

Ya juya ya hau gida, ina binsa a baya ina haki. Ya shiga rumfa, ya ja tarakta baya, ya ɗaura injin yanka, ya jefa almakashin sausayar tumaki a aljihu.

"Kaka, ka san abin da zai faru in ka fita da wannan?"

"Za a ga sunan matata. Hau ko ka matsa."

Na hau. Muka fito ƙofa muka gangara ta tsakiyar gari a hankali, inji yana ƙwaram-ƙwaram a baya. Labulen farko ya motsa. Na biyu ya motsa. Wani tsoho da ke zaune a benci ya miƙe ya manta sandarsa. Matar mai kanti ta fito da biredin wani a hannu ta ƙwala wa mijinta kira. Na hango Clifford yana tsallake katanga, mutumin da ke cewa gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Kaka bai ga ko ɗaya ba. Idonsa na kan hanya, yana ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari in mun wuce mutum, kamar kullum.

Muka sha kwanar coci muka ɓace musu. Ya zagaye filin da inji har ya kwanta lumui, ya kashe tarakta, ya durƙusa da almakashi yana datse abin da ya rage a jikin duwatsun. Ya gyara na kakata tsaf. Ya dubi na maƙerin, ya yi tsaki, ya gyara shi ma.

Da ƙarar taraktarmu ta mutu sai wata ta maye gurbinta. Daga ƙasa wajen rafi, daga tsallake, daga can ƙarshen kwari, inji ne ke amsa wa inji. Kaka ya ɗaga kai, almakashi a buɗe.

"Ka ji?"

"Na ji."

Ya dafa dutsen ya miƙe, ya leƙa ta kan katanga. Gonar Clifford har an yi mata zagaye biyu.

"Clifford ya fara," ya ce. "Na gaya maka. Mutumin nan ya san abin da yake yi. Tashi, malalaci, kada a bar mu a baya."

Na bi shi muka hau tarakta. Wani lokaci gaskiya ba ta da amfani sai an gama aiki.

Muka yanka har rana ta yi ja. Washegari muka juya, muka sake juyawa. Ƙamshin ingirici ya cika kwarin, ƙananan ƙudaje masu cizo suka cika kunnuwana. Anti Mavis ta fasa komawa, tana kawo mana shayi a gona da biredi shafe da sabon jam. Kaka yana can yana ɗaure dami na same ta a inuwar rumbu.

"Anti, don Allah, yaya Kaka Edna take gane ranar yanka? Gwiwarta ce ke gaya mata?"

"Wace ranar yanka?"

"Da take ce masa ya tashi ya je ya yanke ciyawa."

Ta yi dariya har shayi ya zube mata a siket. "Edna? Edna da ke shanya zannuwa ana tsawa? Ba abin da ta sani game da sama. In guzberi ya nuna tana son kicin ɗinta, shi kuma ga shi nan baje kamar buhun dankali. Ciyawa ce kaɗai ke fitar da shi har ta gama cika kwalabenta."

Ranar da muke kwasar dami, iska ta juya. Girgije ya leƙo ta kan tudun yamma, baƙi, ya tsaya yana duba mu. Ban taɓa aiki irin na ranar ba, kuma ba na fatan in sake. Kaka yana jifan dami kan tirela kamar ɗan shekara talatin, ni ina jerawa ina zaginsa a zuci. Ba mu gama duka ba. 'Yar gonar bakin rafi ruwa ya riga mu, ta yi baƙi a inda take. Amma sauran sun shiga, rumbu biyu har rufi, na ukun rabi. Muka tsaya a ƙofar rumbu muna kallon ruwan yana zuba. Bai ɗauke da gaske ba sai da Agusta ya kusa ƙarewa.

Uwata ta zo ranar Asabar da takalman birni. Ta wuce rumbu, ta tura hannu cikin wani dami har gwiwar hannu, ta zaro tsakiyarsa ta murza ta shinshina. 'Yar gidan ce, ba a yi mata wayo. Ta duba sama, ta duba mahaifinta.

"Ba laifi," ta ce.

Ba a sake maganar ɗakin ba. Na ji ta sa keken ɗinki a ciki, abin da ya kwantar min da hankali, don na fara zargin ni za a ba.

Ranar Lahadi bayan coci muna tsaye a baranda ana jiran ruwa ya tsagaita, Clifford ya matso kusa da Kaka, suna kallon gaba su biyu.

"Ka ja mana rai bana, Wilf."

"Ni?"

"Har na fara cewa ko tsufa ne. Ashe lissafi kake. Da ka ƙara kwana biyu da mun kwashe ruɓaɓɓe."

"Ni kai na bi," in ji Kaka. "Na ji injinka ne na fito."

Clifford ya yi wani sauti da ban taɓa ji daga gare shi ba. Dariya ce. Ya juya wajen sauran. "Kun ji shi? Wai ni ya bi!" Duk barandar ta ɗauka. Wani ya buga wa Kaka kafaɗa ya ce ashe tsohon yana da barkwanci.

Muka hau gida cikin yayyafi. Sai wajen ƙofarmu ya tsaya.

"Da gaske ni suke bi."

"Na gaya maka."

"Tun yaushe?"

"Tun kana da gashi."

Ya juya ya kalli kwarin, rumbuna a tsaye cikin ruwa, hayaƙi yana fita daga gidaje. "Gari guda," ya ce, "ba mai hankali sai Edna."

Na yi tunanin in bar shi haka. Amma bakina bai taɓa neman shawarata ba. Na gaya masa abin da Anti Mavis ta ce, guzberi da kwalabe da buhun dankali, ban rage komai ba. Na jira ya kawo maganar kadan nan na rafi.

"Wannan ƙaryar ta fi ƙarfinka," ya ce. "Wato korata take yi."

"Korarka take yi."

Ya gyara igiyar ƙugunsa. "Hm. Ba laifi."

Yanzu shekararsa ta haura tamanin, yana nan a saman gari da tumakinsa. Itatuwan guzberin kuwa sun zama sarakai. Ya kewaye su da waya, ya lulluɓe su da raga saboda tsuntsaye, takin da ya fi kyau nasu ne. Daga tsakiyar Yuni kullum da safe sai ya fita ya matsa ɗaya tsakanin yatsu, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya dawo. Anti Mavis tana da umarnin ta zo da tukunya ranar da aka kira ta.

Clifford ya gan shi ta kan katanga yana wannan hidimar. Bai tambaya ba. A bazarar da ta biyo ya dasa guzberi shida a bayan gidansa. Yanzu ba gidan da babu su a Skelbeck, har gidan limamin coci, kowanne da ragarsa. Ba wanda ya san na mene ne, kuma yawancinsu ba sa ma son jam ɗin.